Sallau Ya Koya wa Rago Numfashi

Uwani ƙawata, matso ki ji abin da ya faru a layinmu. Allah dai ya sa kada ya zame mana gulma.

Kin san Sallau mai kwanuka, maƙwabcin nan namu da in ya fara faɗa har kajina ke gudu akurki. To, kwanakin baya jiri ya kwashe shi a kasuwa, aka kai shi asibiti, aka ce jininsa ne ya hau. Malamar asibitin ta ba shi ƙwayoyi, ta kuma koya masa dabara: duk sanda ransa zai ɓaci, ya rufe ido, ya ja iska ta hanci a hankali, ya sake ta ta baki, ya ce wa zuciyarsa ba komai. Shi kuwa Sallau ba ya riƙon abu da wasa. A taya masa kwano tayin wulaƙanci, sai ya rufe ido. Gishiri ya zarce a miya, ya rufe ido. Matarsa Hansatu ta ce ba ta taɓa samun sakewa irin wannan ba, illa dai gidan ya koma kamar maƙera, zugazugi safe da yamma.

Ana haka Hansatu ta sauka, aka samu namiji. Sallau ya sayo rago ƙosasshe, mai ƙaho a murɗe, ya ɗaure a bayan ɗaki. Yayarsa Kande ta taso daga ƙauye don suyar naman, tun kafin ta ajiye jaka ta gama raba shi da baki: cinya ta surukai, wuya na ungozoma.

Ranar suna da aka fito masallaci, maza suka zauna a tabarmi ƙofar gida, aka fito da goro da dabino, mahauci yana wasa wuƙa. Aka ce uban jariri ya shiga ya jawo rago. Ya tarar da shi yana ta fizge-fizge, ido jajur, hanci na huci. Sallau ya tsaya yana kallo, sai ya ga kansa sak kafin a kai shi asibiti. Tausayi ya kama shi. Ya tsuguna, ya dafa kan ragon.

"Bawan Allah, ni ma da haka nake. Ba komai."

Can ya lura igiya ta kama masa wuya tam. Ya ce a ransa, ina mai rai zai ja iska yadda ya kamata da igiya a maƙogwaro? Ya kwance ta. Sannan ya ce wa ragon ya kalle shi da kyau, shi kuma Sallau ya rufe ido, ya ja iska, ya riƙe, ya saki a hankali yadda malama ta koya masa.

Da ya buɗe ido, igiya ce kaɗai a hannunsa.

Ragon ya bi ta zaure, ya tsallake tabarmi, ya yi fatali da farantin goro. Liman da kansa sai da ya tattare babbar riga ya bi sahu, mahauci a baya da wuƙa tsirara. Ganin ƙarshe da aka yi wa ragon, ya tsallaka kwalta ya nausa cikin gonakin dawa. Har yau shiru.

Kande ta riga ta hura wuta, mai ya yi zafi a kasko, surukai sun cika tsakar gida da kwanukansu. Ta zagaya bayan ɗaki ta samu Sallau tsugune inda yake, ya sake rufe ido, don yanzu ne ma abin ya zame masa dole. Ta tambaye shi ina rago. Ya ɗaga mata yatsa ta dakata, sai da ya gama furzar da iskarsa tukuna.

"Yaya, ki taya ni gode wa Allah. Da a da ne, da yanzu babu sauran tukunya mai rai a gidan nan. Taɓa ƙirjina ki ji, lafiya lau. Maganin nan yana aiki."

Uwani, don girman Allah amsar da ta ba shi ta tsaya tsakanina da ke, ni ma ta katanga na jiyo. Ta dubi igiyar, ta dube shi, ta gyara ɗaurin zani.

"Yana aiki mana, Sallau. Kai ka je asibiti, rago ya warke."