Furen da Ya Tsallake Katanga

Wani ne a Roni, tun zamanin da fatake ke zuwa Gonja da jakuna su dawo da goro. Mutumin nan ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Matsalarsa ɗaya ce: in wani tunani ya shige masa kai, ko da igiya ba ka fito da shi.

Wata shekara ayari ya sauka, mutumin ya je yi wa abokinsa Lado barka da dawowa. Kowa ya samu goro. Da aka zo kansa goron rabo ya ƙare, sai Lado ya laluba aljihu ya ɗauko wasu baƙaƙen ƙwayoyi uku ƙulle a tsumma.

"Wannan ya fi goro," in ji Lado. "Irin wani yaryaɗi ne na can kurmi. Hawa yake kamar duma, amma ba ya 'ya'yan ci, sai fure. Shuɗi ne, ya fi turkuɗi ƙyalli. Da sassafe yake buɗewa, rana na yin zafi ya ƙudundune. Duk ƙasar Kazaure babu mai shi."

"Har fada?"

"Har fada."

Daga nan mutumin bai ƙara jin komai ba. Ya nufi gida, ya zubar da ruwan randar matarsa Mairo, ya huda gindinta, ya cika ta da ƙasa da takin awaki, ya shuka ƙwayoyin. Ya jawo ta jikin katanga, ƙarƙashin tsamiyar gidan, inda rana ba ta taɓa sauka.

Mairo ta ce, "Malam, randata ce fa."

"Da randa ce. Yanzu lambu ce."

"To ko lambun ai rana yake so. Ka fitar da ita fili mana."

"Ke me kika sani game da kurmi? Can duk inuwa ce. Baƙo ne, ba zan shanya shi a rana ba."

Kun dai san Roni da duwatsu, kun san nisan rijiya. Safe da yamma mutumin nan yana kan hanya da tulu. Akuyarsa na kukan ƙishirwa, shi yana yi wa randa ban ruwa. Da abin ya tsiro kuwa, mutanen ƙofar masallaci suka shiga uku. Kullum bayan la'asar sai ya kawo musu labari.

"Jiya ya ƙara taƙi ɗaya."

"Madalla."

"Yau ganye huɗu. Ku dai jira furen. Ranar da ya buɗe, da ɗaɗɗaya zan riƙa shigar da ku, kuma ba taɓawa."

Shi kuwa yaryaɗi, abin da yake nema daban. Ya kama katanga ya yi ta hawa yana neman haske. Ya kai ƙoli, ya leƙa, ya ga rana tarwai a ɗaya gefen, ya gangara can abinsa. A gidan mutumin ba a bar komai ba sai kara ɗaya siriri kamar igiyar guga.

Ɗaya gefen nan gidan Kawu Sama'ilu ne. Dattijo ne mai tsananin kulle. Namiji bai taɓa wuce zaurensa ba. Har cewa ake ko zakaran maƙwabta ne ya tsallaka, sai Kawu ya tambaye shi wurin wa ya zo. A ciki akwai matarsa Kaltume, da tsohuwarsa Inno, wadda duk unguwa ake tsoron bakinta.

Wata safiya mutumin yana zuba ruwa sai ya ji muryar Kaltume ta bayan katanga.

"Inno, zo ki ga ikon Allah. Katanga ta yi ado."

Inno ta ce, "Tubarkalla. Wannan shuɗi ko a marina ban taɓa ganinsa ba. Ƙirga mini, guda nawa ne?"

"Sun fi arba'in."

Tulu ya kusa suɓuce masa. Ya ɗaga kai, ya duba sama da ƙasa, babu ko ɗaya a gefensa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya kira Mairo ya ce ta yafa mayafi ta shiga ta gano masa.

Ta tafi tun hantsi, ba ta dawo ba sai azahar, don ta tsaya an yi mata kitso.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Yaya yake?"

"Fure ne."

"Na san fure ne. Kamar me yake?"

Mairo ta ce, "Kamar dai fure, Malam. Amma Inno ta ce a gaishe ka, wai ka ƙara masa taki."

Da yamma ya tari Kawu Sama'ilu a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kawu, alfarma nake nema. Furena yana gidanka. A bar ni in shiga in gan shi sau ɗaya, in fito."

Kawu ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Ka shiga ina?"

"Tsakar gida kawai."

"Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, a nan inda kake yake tsayawa. Kai sai ka wuce shi saboda ciyawa?"

"To a tsinko mini ɗaya."

Kawu ya ce wannan mai sauƙi ne. Washegari ya tsinko ɗaya da asuba, ya jefa a aljihu, ya tafi gona. Sai bayan la'asar ya tuna, a ƙofar masallaci, gaban kowa. Ya zaro wani abu a murɗe, baƙi-baƙi, kamar an tauna an tofar, ya miƙa masa.

Jama'a suka matso suna kallo. Wani ya ce, "Wannan ne babu shi har fada? Lallai fada ta huta."

Ranar mutumin ko tuwo bai ci ba. Ya zauna gaban randa yana kallon karan, yana gyaɗa kai, har can ya tafa hannu.

"Mairo, na gano halinsa."

"Halin wa?"

"Yaryaɗin nan. Ba ya son gidan da gindinsa yake. Duk inda aka dasa shi, gidan maƙwabci yake gudu. To in gindin yana gidan Kawu, ina zai gudo?"

Mairo ta ce, "Malam, tsamiyar nan ce ta hana shi. Ka janye randar daga inuwa, shi ke nan."

"Ki bar maganar tsamiya. Wannan lissafi ne na maza."

Ya ɗauko lauje ya datse karan, ya bar taƙi ɗaya. Ya tara matan unguwa huɗu suka ciccibi randar suka shigar gidan Kawu. Inno ta yi ta faɗa don an kashe mata fure, amma da ta ji har gindin aka kawo mata sai ta sauko. Ta sa aka ajiye randar a fili kusa da rumfarta, inda rana take wuni.

Ban ruwa kuma bai tsaya ba. Safe da yamma zai kawo tulu biyu ƙofar zauren Kawu, ya yi sallama, a turo a ɗauka. Ɗaya a zuba wa randa, ɗaya Kaltume ta yi girki. Rabon gidan Kawu da zuwa rijiya tun ranar.

Kullum sai ya tambaya, "Kawu, ya kama hanya?"

"Yana dai shiri."

Bayan wata biyu, damina ta sauka. Yaryaɗi ya samu rana, ya samu ruwa, ya ga babu dalilin zuwa ko'ina. Ya lulluɓe rumfar Inno, ya naɗe rumbu, ya hau ɗakin girki. Matan Roni suka riƙa zuwa kallo da sassafe. Wasu har daga Gwiwa, in sun zo biki sai sun biya. Duk macen da ke garin ta gani. Mai shi kuwa yana zaune a gindin katangarsa, yana jin ana ta salati ta ɗaya gefen.

Rannan dai haƙurinsa ya ƙare. An kwana ana ruwa, gari ya waye garau, ya ji Inno tana cewa yau sun fi ɗari biyu. Ya kifa turmi jikin katanga, ya tattare riga, ya hau.

Mairo ta ce, "Malam, gidan mutane ne."

"Na sani. Ai ba matansa zan kalla ba. Ido a rufe zan hau."

Ya runtse ido gam, ya kama ƙolin katanga, ya ja jiki. Ya tura kai gaba yana shinshina, wai hanci zai nuna masa inda furen yake, in ya daidaita sai ya ɗan buɗe ido ɗaya. Bai ji ƙamshin komai ba sai na daddawa. Ya ƙara turawa. Katangar ƙasa ce, ta sha ruwa. Ƙolin ya ɓare da shi.

Ya faɗa kan rumfar Inno, rumfa ta rufta da shi, ya nutse cikin yaryaɗi tsundum. Kaltume ta sa ihu ta shige ɗaki. Inno ta ɗauko muciya.

"Salamu alaikum," in ji shi daga cikin ganye. "A gafarce ni, ban ga kowa ba."

Inno ta sauke masa a gadon baya. "Wa ya aiko ka?"

"Inno, ni ne mai ruwa."

"Mai ruwa ta sama yake shigowa?"

Ta ƙara masa. Ya yunƙura zai gudu, ga ido a rufe, ga yaryaɗi ya ɗaure ƙafa. Ya yi karo da rumbu, ya ba rumbu haƙuri. Ya taka kaza, ya ce, "Sannu, Kaltume." A haka Kawu Sama'ilu ya shigo ya same shi, ya kama wuyan rigarsa, ya ja shi har gidan mai unguwa. Sai da ya ji tabarma a ƙarƙashinsa sannan ya yarda ya buɗe ido.

Kawu ya yi bayani yana huci: an haura masa katanga, an rushe rumfa, an firgita iyali. Mai unguwa, dattijo mai sanyin magana, ya juya wurin mutumin.

"Kai, gaskiya ne ka haura gidan Malam Sama'ilu?"

"Ranka ya daɗe, gaskiya ne. Furena na je gani. Wata biyar ina yi masa ban ruwa."

Mai unguwa ya yanke cewa mutumin zai gyara katanga, ya kafa sabuwar rumfa, kuma kada ya sake taka turmi. Jama'a suka fara miƙewa. Sai mai unguwa ya matso kusa, ya rage murya, don shi ma matarsa ta ishe shi da labarin furen nan, kuma shi ma zaure ne iyakarsa.

"To yanzu tsakanina da kai. An ce a tsakiyarsa aka tsamo ka, har yana shafar hancinka. Shuɗin nan ya kai yadda mata ke faɗa?"

Mutumin ya ja baya, ya dube shi da mamaki.

"Ranka ya daɗe, ina na sani? In buɗe ido a gidan mutane, ni ɗan iska ne?"