Jabanar da na kai wa surukai da baƙin tabarau

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da aka zo neman auren babbar 'yata. Shekara ce mai sanyin rai: dawa ta yi kyau a hawasha, wato gonarmu ta noman ban-ruwa, ruwa bai yanke a tur'ar da ke shayar da ita ba, kowa fuskarsa a sake. Yaron ɗan garin Rufa'a ne, can ƙetaren kogi, shekara huɗu ya yi yana aiki a Koriya. Koriyar nan ita ta hana ni sukuni. Ni da sai da na haifi biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, yaya zan tarbi uwar wanda ya ga duniya?

Akwai wata waƙar Koriya da yarinyar (ba na kama sunanta, 'yar fari ce) take yawan kunnawa a wayarta. A ciki wata mace ce da baƙin tabarau, riƙe da ɗan kofin gahawa, ƙaramin yatsa a sama. Ta ɗaga hanci, ta yi taku uku a karkace, ta girgiza kafaɗa, sannan ta miƙa kofin. Na ce a raina, to, haka manyan can suke karrama baƙo. Ban tambayi kowa ba, kada a ce Inna ta tsufa da rawar kai. Kwana shida ina gwadawa a bayan rakuba, rumfar tsakar gidanmu, awaki ne kaɗai shaiduna. Tabarau kuwa na Malam maigidana na ɗauko, wanda yake sawa ranar sussuka.

Matan gidan ango suka iso da hantsi. Na soya bun, wato ƙwayar gahawa, na daka da citta, na sa turaren wuta, na ɗauko tiren jabana, ɗan tulun gahawarmu, na fito. Taku uku, kafaɗa, hanci sama, yatsa sama.

Sai da na iso gaban angareb, gadon igiyar da baƙin ke zaune a kai, na dubi Hajja, uwar yaron, da kyau. Baƙin tabarau ne a fuskarta, awarwaron zinari har gwiwar hannu.

Ƙanwar ango, 'yar jami'a, ta rufe baki da gefen tobin da ta yafa ta raɗa wa uwar wani abu. Hajja ta ajiye finjalin da na miƙa mata ba ta kurɓa ba.

"Mun gode," ta ce a hankali. "Ashe haka ake ganinmu a garin nan."

Ko wainar kisra da na tanada musu ba su jira ba, suka tashi.

Yarinyar tawa ta ja ni ɗaki tana hawaye. "Inna, me kika yi? Waƙar nan ba'a ce. Waɗanda suka samu duniya jiya ake yi wa, masu cin gaya a ɗaki su fito waje suna yanga da gahawa mai tsada. Babu wanda bai san ta ba."

"To ita Hajjar me ya sa ta sa tabarau?"

"Aikin ido aka yi mata, Inna."

Na zauna daɓas a ƙasa. Da hannuna, da turarena, na zagi baƙuwa a gidana, kuma auren 'yata ya bi su cikin mota.

Washegari ina idar da sallar asuba na yafa tobi na haye kogi zuwa Rufa'a. Na zauna a tabarma gaban Hajja na faɗa mata komai, ban rage ba.

"Kwana shida?" ta ce.

"Shida, Hajja."

"To tashi ki sake in gani. Jiya haushi bai bar ni na kalla da kyau ba."

Na tashi na yi, gaban maƙwabtanta uku. Ta yi dariya har ta dafe idon tana cewa likita ya hana ta, sannan ta ce a aiko mata da ranar da muka tsayar.

A hanya na gaya wa kaina: tambaya da kunya, amma ba ta kai rawa gaban surukai sau biyu ba.