Yadda Na Dafa Giya a Doha da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, tabon da ke silin ɗin kicin ɗin Auta ba zai bar ni ba. Har yau yana nan, baƙi-baƙi, daidai saman tagar da nake tsayawa.

Ni ba macen da ake yi wa wasa ba ce. A unguwarmu a Kano, in na leƙo ƙofar gida samari kan gyara zama, 'yan mata su ja mayafi. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba (wannan ma faɗa nake yi, waya tana rubutawa), amma Allah ya ba ni ido. Da wannan idon na zo Doha lokacin da 'yata Auta, ma'aikaciyar jinya, ta haihu. Wankan jego na zo yi mata, kwana arba'in in koma. Sai korona ta rufe hanya. Arba'in ta zama shekara, daga baya kuma reno ya riƙe ni.

A unguwar Mansura suke, hawa na biyu. Tagar kicin tana kallon ƙofar shiga gidan, don haka ba mai shiga ko fita ban gan shi ba. A nan na fara lura da Fuseini, wani ɗan Zongon Kumasi ta Ghana da ke hawan ƙasa, mai gadi ne a wani otal. Mutum ne mai gaisuwa, sai dai Hausarsu ta can ba ta raba mace da namiji. "Mma, ka kwana lafiya?" yake ce mini, kamar wani ƙato. Wannan na haƙura da shi. Abin da ban haƙura da shi ba shi ne baƙaƙen kwalaben da yake shigowa da su a leda. Rannan na hango shi ya buɗe ɗaya a bakin ƙofa, kumfa ta taso, ya kafa kai.

Shi ke nan, na yanke hukunci. Na gaya wa Auta. Na gaya wa matan 'yan uwanmu a waya. Na aika wa Malam Sani, wanda ke jan karatun Hausawan unguwar ranar Juma'a, cewa a lura da wanda ake ba buɗe taro da addu'a. A da Fuseini ake ba, don yana da murya. Da aka dawo karatu bayan kullen korona sai aka daina ba shi. Bai tambayi dalili ba.

Sai ciwon korona ya kama ni. Na yi mako biyu a ɗaki, bakina kamar an shafe shi da auduga. Miyar kuka da ruwan famfo duk ɗaya suke. Na rame har zani yana zame mini. Wata safiya Auta ta shigo da irin baƙaƙen kwalaben nan guda shida ta ce Fuseini ne ya ajiye a bakin ƙofa, wai a ba Mma, yana sa cin abinci. Na ce ta fitar mini da haram daga ɗaki. Mijinta, daga bayan ƙofa (mu ba ma haɗa ido da suruki, sunansa ma ba na kamawa, Baban Amira nake cewa), ya ce, "Mama, malt ne, na karanta jikin kwalbar. Babu ko ɗigon giya. Ƙasar nan ma ba a sayar da ita a kanti."

Na kurɓa don in kawar da magana. Sai na ji ɗaci. Ɗan ɗaci a bayan harshe, da zaƙi, da ƙamshin hatsin da aka soya. Shi ne abu na farko da bakina ya gane a mako biyu. Na zauna ina hawaye da kwalba a hannu.

To me na yi bayan haka? Na sha, na warke, na yi shiru. Matan da na buga wa waya ban sake buga musu in gyara ba. Malam Sani ban aika masa komai ba. Girman kai ya ce mini maganar za ta mutu da kanta.

Malt kuwa ya zama abokina. Kullum sai na sha ɗaya bayan azahar, ina juya shi a baki ina bincike. Ni da na shekara arba'in ina dama kunun zaƙi, a ce in kasa gane abin da inji ya haɗa? Tsiron hatsi ne aka soya ya yi duhu, aka sa sukari, aka sa wani ganye mai ɗaci. Na ce wa Auta zan yi nawa, kuma sai ya fi na kwalba.

Dama ta zo lokacin gasar ƙwallon duniya. Garin ya cika da baƙi, Najeriya ba ta samu zuwa ba, sai mazanmu suka ari Ghana, duk da Fuseini yana tsokanarsu kullum. Baban Amira ya gayyaci abokansa kallon wasan Ghana a falo, har da Malam Sani. Na ce abin sha a bar mini.

Dawa sai a kasuwar tsuntsaye ta Suk Wakif muka samu. Mai kantin ya tambayi Auta tattabaru nawa ne da ni. Na jiƙa ta, na baza a jiƙaƙƙen buhu a baranda har ta tsiro, na shanya, na soya a kasko har ta kusa ƙonewa, na markaɗa, na dafa, na tace. Don ɗaci na jefa busasshiyar shuwakar da na zo da ita daga gida. Launi ya fito, ɗanɗano ya fito. Wallahi na ji daɗin kaina. Abu ɗaya ya rage: ba kumfa. Na kwalba in ka buɗe sai ya yi tsii, nawa kuwa yana kwance kamar ruwan rijiya.

Na yi tunani, me ke sa ƙullun waina ya taso ya yi kumfa? Yis. Sai na zuba yis cokali biyu, na ƙara sukari don ya ji daɗin aiki, na ɗura a gorunan roba goma sha biyu, na ɗaure murafe tam, na jera su a lungun bayan firji inda akwai ɗumi. (Kafin ku yi dariya: ni a kulle na girma, a kulle na yi aure. Giya a baki kawai na san ta. Ban taɓa jin warinta ba, balle in san yadda ake yinta.) Kwana takwas suna nan. Kullum in na taɓa gorunan sai in ji sun ƙara tauri kamar dutse, in ce alhamdu lillahi, aiki yana kyau.

Ranar wasan, da la'asar, maza bakwai suka cika falo. Mai girki ba ta kai wa baƙi abin da ba ta ɗanɗana ba, don haka na lallaɓa murfin ɗaya a hankali na tsiyaya kofi. Kumfa har da tudu! Ɗacin ya fi na kwalba, da wani ɗan yaji a maƙogwaro. Na ƙara kofi na biyu don in tabbatar. Sai na ji gwiwata da ke ciwo tun mutuwar maigidana ta saki. Na ji duniya ta yi sauƙi. Auta ta shigo ta same ni ina yi wa tukunya dariya.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ke dai ba ki da fara'a."

Daga nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga labule na shiga tsakiyar maza, na zauna a hannun kujera, na dubi talabijin na ce, "Wancan mai gudun, uban wa ya aike shi?" Sannan na juya na kira surukina da sunansa na yanka. Sau biyu. Na ce ya matsa ya tare mini. Bawan Allah ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Fuseini ne kaɗai bai yi mamaki ba. Aikinsa ke nan a ƙofar otal, tun daga tafiyar mutum yake gane abin da ya sha. Ya miƙe ya ce, "Mma, yalla, mu je in taya ka ɗauko abin shan."

A kicin, gaban Auta, ya ɗauki gora ya murɗa murfin gaba ɗaya. Daidai lokacin aka ci ƙwallo, ihun falo ya rufe ƙarar. Abin ya yi tsiri har sili, ya dawo ya wanke shi daga kai har rigarsa ta Ghana. Ya shinshina hannunsa. Ya dube ni.

"Mma, me ka sa a ciki?"

"Tsiron dawa, sukari, shuwaka, yis."

"Yis! Kwana nawa?"

"Takwas."

"Inna lillahi. Mma, a wurinmu sunan wannan pito. A wurinku burukutu. Naka ma ya fi na masu sana'ar ƙarfi. Kofi nawa ka sha?"

"Biyu," na ce. Auta ta kalle ni. "Da rabi."

Na zauna a kan buhun shinkafa. Ni, Hajiya, mai aikin hajji biyu. Fuseini bai tsaya wa'azi ba. Ya ce a ƙasar nan in aka ji an dafa wannan a gida, har maigidan sai ya shiga uku. Shi da Auta suka tuttular da gorunan a sinki ɗaya bayan ɗaya, suka bi da ruwa da sabulu. Ya ce da Larabcin garin, "Khalas, an gama. Ba wanda ya gani. Ka sha ruwa da yawa, ka kwanta."

Amma don ya je ya canza riga dole ya ratsa falo. Ina zaune na ji ihun ƙwallo ya mutu. Sai muryar Garba direba, ɗaya daga cikin baƙin: "Kai, Fuseini! Warin me nake ji? Ashe Hajiya gaskiya ta faɗa tun tuni! A gidan mutane, a gaban Malam?" Wani ya yi tsaki. Na kasa kunne in ji ya kare kansa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku yi haƙuri." Na ji takunsa ya nufi ƙofa.

Kaina yana juyawa, amma wannan na gane shi sarai. In ya fita ƙofar nan a haka, ƙaryar da na shuka ta zama gaskiya har abada, kuma da hannuna na dafa mata shaida. Na dafa bango na fito.

"Garba, rufe mini baki. Ni na dafa ta, ni na sha ta. Shi zubarwa ya yi."

Ba wanda ya motsa. Mai sharhin ƙwallo kaɗai ke ta Larabcinsa. Na faɗi komai, tun daga tattabaru har yis. Malam Sani ya gyara hula ya ce, "Hajiya, da sani kika yi?"

"Malam, da na sani, kai zan ɗauko wa a tire?"

Garba ne ya fara fashewa, sauran suka bi, har surukina kafaɗarsa tana rawa yana ɓoye fuska a hula. Da aka lafa Malam ya ce abin da mutum ya yi cikin rashin sani Allah mai yafiya ne. Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai maganar da aka aiko mini kwanakin baya, ita ban sani ba ko cikin rashin sani aka bar ta."

Wannan ta fi giyar hawa kaina. A gaban maza bakwai na dubi yaron da na haifi kamarsa na ce, "Fuseini, na ɓata maka suna, na kuma san gaskiya tun ina jinya na yi shiru. Ka yafe mini."

"Haba Mma," ya ce, rigarsa tana ɗiga a kafet. "Ai na san kai ne tun farko. Tagarka ba ta da labule."

Da ya dawo da sabuwar riga, shi Malam ya tura gaba ya ja sallar magariba. Ni kuwa sai da Malam ya ce in jira kaina ya dawo daidai kafin in yi tawa. Wannan ma na haɗiye.

Abin da nake gode wa Allah a kai har gobe shi ne, maza bakwai suka ga wannan abu, ba wanda ya fita da shi. Na tabbata, don da ya fita ni zan fara ji. Yau ni ce na fitar da shi da bakina, da izinin Fuseini. Surukina bai taɓa tayar da zancen ba. Washegari dai na tarar da katan ɗin malt na kanti a ƙofar kicin, gwangwanin yis kuma ya koma saman kabad inda hannuna ba ya kaiwa.

Auta ta so a kira mai fenti ya shafe tabon, na hana. Har yanzu ina tsayawa a tagar nan, hali ba ya fita a rana ɗaya. Amma kafin in leƙa ƙasa in ga abin da ke cikin ledar wani, sai na fara ɗaga kai na gaisa da abin da ya fito daga gorata.