Ranar Da Tarwada Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da kifi ya kunyata ni a gaban shugabata. Lokacin mulkin farar hula ya dawo, Abuja sai bunƙasa take, kowa a ma'aikatarmu yana da 'yar sana'arsa ta gefe. Wani katin waya, wani dillancin fili, amma abin yayi shi ne kiwon kifi. Ni ma kar a bar ni a baya, na gina tafki biyu na siminti a bayan gidana a Dutse Alhaji, na zuba tarwada.

Matsalar ɗaya ce: ba na ƙaunar tarwada. Ba na cin ta, ba na son ƙarninta, gashin bakin nan nata kuwa tsigar jikina yake tayarwa. (Tun ina yaro, a ganina maciji ce da ta yi ƙiba.) Maƙwabcina Danladi, wani manomi, shi ke ba su abinci da canza ruwa, ni sai dai leƙe daga nesa. Amma a ofis ba wanda ya kai ni cika baki. "Kamar 'ya'yana suke," nakan ce, "har muryata sun sani."

Maganar ta kai kunnen Hajiya, daraktarmu, wadda ke shirin bikin ɗanta. Ta ce za ta zo ta gani da idonta. Ta kuwa zo, ita da ƙawayenta biyu, sun sha leshi. Danladi kuma ya kai doya kasuwar Zuba tun da safe.

"To Malam, kamo mana babba ɗaya mu gani," in ji Hajiya.

Na naɗe hannun riga ina murmushin ƙarfin hali, na zura raga cikin ruwa. (A zuciyata addu'a nake kar komai ya shiga.) Sai ga wata ƙatuwa ta shiga. Ina ɗagowa ta yi wani irin tsalle, ta faɗo min a ƙirji, sanyi da santsi, gashin bakinta a wuyana.

"Wayyo Inna!"

Ni ne na faɗa, da muryar da ban san ina da ita ba. Na watsar da raga, na zura da gudu, ban tsaya ko'ina ba sai bayan Hajiya, ina riƙe da gefen mayafinta. Magidanci, mai 'ya'ya uku.

Kifin yana ta birgima a ƙasa. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta sunkuya, da zobban gwal a hannunta, ta cafke shi ta jefa ruwa.

Hajiya ta juyo a hankali. "Malam, yau 'ya'yan naka ba su gane muryar ba ne?"

Suka fashe da dariya har da hawaye. Na ce, "Wallahi ranki ya daɗe, tsoronsu nake ji." Ina faɗa na ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka.

Kifin dai ta saya, ta tausaya min. A makon na bar wa Danladi tafkunan, ba wanda ya kai ni farin ciki. Na koma sayar da huluna, abin da zan wuni ina shafawa ban gaji ba.

Shawarata ga mai neman sana'a: ka zaɓi hajar da in ta faɗo maka a ƙirji rungumarta za ka yi, ba kiran Inna ba.