Rasuwar Baba na Ƙasa, Boilan Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da sanyi ya hana su riƙe alƙalami yadda ya kamata, ni Uwaisu, a madadin iyalina da 'yar hayarmu ta sama, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na unguwarmu Tremont, nan ƙasar waje, da kewaye rasuwar boilan gidanmu, wanda aka fi sani da Baba na Ƙasa. Ya cika ranar Asabar da hantsi a ɗakinsa na ƙarƙashin gida, bayan doguwar jinya, a tsakiyar Janairu, lokacin da aka fi bukatarsa.

Ba mu san shekarunsa ba. A gidan muka tarar da shi, wanda ya sayar mana ma ya ce haka ya same shi. Saboda 'yan uwa na gida da sanarwar nan za ta iske, marigayin tukunyar ƙarfe ce mai girman firji. Da gas yake dafa ruwa, ya tura shi cikin bututu zuwa ƙarafan da ke jikin bangon kowane ɗaki, waɗanda mahaifiyata Iya ke kira lagireto. Ruwan ya zaga ya ɗumama gida, ya dawo masa. Ba a shan ruwan, ba a wanka da shi, don haka babu dalilin da zai sa ya ragu.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. In zai tashi aiki sai ka ji tik, tik, tik, sannan wuuum, bututu su amsa masa da ƙwas, ƙwas, daga ƙasa har sama. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa bambanta mai gida da ɗan haya ba. Amma babban alherinsa a wurina shi ne riƙe min Iya da ya yi a ƙasar nan. Ranar da na ɗauko ta daga Kano, bayan rasuwar mahaifinmu, tun a mota ta gindaya min sharaɗi. Ta ce, “Ranar da sanyin garin nan ya shiga ƙashina, ka nemo min tikiti.” Muka ba ta ɗakin baya na ƙasa, wanda aka ƙara wa gidan daga baya a kan daɓen siminti, saboda gwiwoyinta ba sa son bene. Duk shekara in ganye ya fara zuba sai ta sa a sauko mata da akwatinta daga kan wadirof, duk shekara kuma Baba zai ce wuuum, a mayar da akwati. Ba ni na riƙe ta ba, ba kuma jikokinta da take yi wa Hausa suna mayar mata da Turanci ba.

Ciwon ajalinsa ya fara hunturu uku da suka wuce. Akwai ɗan agogo a ƙirjinsa mai nuna ƙarfin ruwan da ke cikinsa, wanda allurarsa ya kamata ta tsaya a kan sha biyu. Sai allura ta fara sauka. In ta sauka ruwa ba ya iya hawa bene, lagireton sama su huce, su riƙa gul, gul, kamar cikin mai yunwa. Adjoa, 'yar hayarmu, wadda ke aikin kula da tsofaffi, takan sauko ta ƙwanƙwasa cikin ladabi, ta ce ba ƙorafi take yi ba, amma da jaket ta kwana. Ni kuwa na yi abin da duk Bakano zai yi in ya ga randa ta yi ƙasa, na buɗe famfo na ƙara ruwa. Allura ta tashi, gida ya yi ɗumi, na ji ni ma wani ne. Da farko mako-mako nake ƙarawa, daga baya ya zama kullum da safe kafin in fita aiki.

Kada wani ya ce ba a nema masa magani ba. Mun bi lagireto ɗaya bayan ɗaya da ɗan makulli muna fitar da iska, matata Rabi'atu riƙe da kofi, suna tsss har ruwa ya biyo. Mun kira Latif mai gyaran famfo, mutumin Kumasi da ke unguwar Morrisania, wanda ya yi jinyar nan tare da mu har ya daina gaishe ni sai ya tambayi allura. Ya canja bawul ɗin da ke sakin ruwa in ƙarfi ya yi yawa, saboda ya gan shi yana ɗiga. Ya ƙwanƙwasa ɗan tankin da ke rataye a gefen marigayin, ya ce ya cika da ruwa maimakon iska, aka sa sabo. Kowane gyara sai allura ta yi kamar ta tsaya, mu yi murna, sannan ta ci gaba da halinta. Mun shimfiɗa jarida a ƙarƙashin duk bututun da ido ke iya gani, da safe mu same ta a bushe. A masallaci wani ya ce agogon ne ke ƙarya. Na sayi sabon agogo, shi ma ya faɗi abin da na farko ya faɗa.

Latif ya gaya min gaskiya tun da wuri. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, akwai inda yake zurarewa, kuma sabon ruwan da nake ƙarawa kullum tsatsa yake kawowa, yana cin marigayin ta ciki. Na ji shi sarai. Amma in ban ƙara ba gida zai huce, in gida ya huce akwati zai sauko. Sai na ci gaba da ƙarawa. Na gaji, ba zan ɓoye ba. Na gaji da matakalar ƙasa, na gaji da warin ɗakin, na gaji da kallon allura kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Ranar Asabar ɗin ina tsaye a gabansa ya ce tik, tik, tik, bai kai ga wuuum ba. Sai wata ƙara, ƙas, ba mai ƙarfi ba. Ruwa ja kamar shayi ya malalo daga ƙarƙashinsa har ya taɓa min takalmi. Latif ya zo ya haska, ya ce ƙarfen ciki ya tsage, ba abin da za a ɗinke. Ya kashe gas, muka hau sama.

A falo muka ji Iya daga ɗakinta tana gaya wa Rabi'atu cewa yau har wurinta ya huce. Latif ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, “Mma, wane guri ne ya huce?” Ta nuna masa kusurwar da take shimfiɗa darduma, kusa da taga. Ta ce shekara uku ke nan wurin, faɗin babban faranti, yana da ɗumi kamar murhun da aka kwashe wa wuta. Shi ya sa ta dawo da dardumarta can. In ta yi sujada gwiwoyinta na saki, in ta idar ta zauna da carbi har hantsi. Latif ya cire takalmi ya shiga, ya ɗaga kafet. Simintin ya jiƙe, ya yi farin gishiri-gishiri. Bututun ɗakin ta ƙarƙashin daɓen ya bi, kuma a nan ya huje. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta dube ni ta ce, “Wa ya tambaye ni? Kullum kana ƙasa wajen Babanka. Ni na ɗauka dama haka aka yi wurin, saboda tsofaffi.”

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ne mai gidan, amma ban sani ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, da takalmi a ƙafata, ina sauri kar jirgin ƙasan zuwa aiki ya wuce ni. Da na taɓa shiga na zauna kusa da ita sau ɗaya, da tafin ƙafata ya gaya min abin da agogo biyu suka kasa. Ashe duk ruwan da nake ƙarawa da safe, marigayin dafawa yake yi ya kai ƙarƙashin gwiwoyin Iya. A kan wannan hidima ya ƙare, kuma na rasa wanda zan yi wa fushi.

Ya rasu ya bar lagireto tara, duk sun yi shiru, da famfon tura ruwa guda, da sabon tanki da sabon agogo da ba su daɗe da shigowa dangi ba, da ɗan makullin fitar da iska, da bokitin da ya yi jinyarsa. Ya bar Adjoa, wadda ta koma wurin ƙawarta har a ga hali, da yara, da muka kai unguwar Parkchester gidan ƙanwata. Ya kuma bar Iya, wadda ta ƙi barin ɗakinta. Mun kunna mata hita ta lantarki, ta ce busar mata da hanci take yi.

Za a fitar da gawar ranar Litinin da hantsi. Marigayin yana da nauyi, matakala kuma ƙunci gare ta, don haka sai an raba shi gunduwa-gunduwa, kuma muna neman majiya ƙarfi da ba su da ciwon baya. Daga nan mai sayen tsohon ƙarfe zai wuce da shi makwancinsa. Ba za a yi zaman makoki ba, gidan bai zaunuwa. Masu shawara kuma Allah ya saka da alheri, mun ƙoshi.

A ranar ne za a kafa magajinsa. Latif zai toshe bututun ƙarƙashin daɓe, ya bi da sabo ta jikin bango, ta yadda allura za ta tsaya cak, kusurwar nan kuma ba za ta sake ɗumi ba. Na gaya wa Iya sabon zai ɗumama ɗakin gaba ɗaya, har ya fi na da. Ta ce Allah ya sa alheri, sannan ta sa Rabi'atu ta sauko mata da akwati.

Duk mai zuwa ta'aziyya ya zo da jaket, kuma kada ya nemi hanyar ƙasa, ba kowa a can. Ya wuce ɗakin baya, ya cire takalmi, ya zauna da Iya ko na ɗan lokaci ne. A nan zai same ni. Dardumar tana ninke a kan akwatin, har zuwa rubuta wannan sanarwa ba ta sa ta a ciki ba.