Ranar da Jirgin Kwamanda Ya Ƙi Tashi da Ni

Ko zan manta komai na shekarar da sojoji suka koma bariki, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kamazou, can gefen garin Kaduna, ba. Ranar ce jirgin sama ya ƙi tashi da ni, a gaban ɗalibaina da matata.

Lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare mai zaman kanta a can, kullum ina hawo bas daga Tudun Wada. Bayan makarantar akwai gonar wani tsohon hafsan sojan sama, Kwamanda Bulus, wanda aka yi wa ritaya da shigowar farar hula. Yana da wani ɗan jirgin shaƙatawa mai kujera biyu, in ka hango shi sai ka ce keke aka ɗaura wa fukafukai. Ya share wani siririn fili a cikin gonar, daga nan yake tashi. Ƙarshen filin rogo ne, bayan rogon kuma itatuwan mangwaro.

Wata rana ya aiko wa shugabar makarantarmu takarda cewa zai ɗauki malami ɗaya ya zaga da shi sama, don ya dawo ya ba yara labari. Kafin ta gama karanta mana ita a taron malamai na miƙe, na ce ai wannan haƙƙin malamin labarin ƙasa ne. (Gaskiyar magana, ko lilon sallah ban taɓa yarda na hau ba.)

Da na je gonar mu gaisa, sai Kwamanda ya zaro ɗan littafi da biro.

"Malam, nauyinka kilo nawa?"

"Saba'in da biyar, ranka ya daɗe."

Ya kalli fuskata, ya kalli tumbina, ya ce, "Ka tabbata? Filin nan gajere ne. Kowane kilo yana ƙara mana tsawon gudu kafin mu ɗaga. Ga zafin rana yana rage ƙarfin inji, ga ciyawa tana riƙe taya."

Na ce, "Riga ce take ƙara mini girma."

Rabona da hawa sikeli tun ina bautar ƙasa, kafin aure, kafin girkin Maman Hafsa. Na san na ƙaru. Amma a raina na ce abin da ke da inji, ina ruwansa da ɗan tumbin malamin makaranta?

Ranar Asabar na ci waina da miyar taushe na ƙoshi, na saka babbar riga ta shadda. Na gayyato maƙwabta, har da Alhaji Sale, telan da ke mini ɗinki. Ɗalibai suka yi layi a gefen fili, suka yi mini tafi kamar sabon ciyaman. Da ƙyar bel ɗin kujera ya zagaye ni. Kwamanda ya nuna mini wani duro mai farin fenti a tsakiyar filin, ya ce, "In muka kai duron can tayoyi suna ƙasa, zan tsaya. Ba na wasa da mangwaron nan."

Farfela ta fara juyawa, jirgi ya zabura. Ni kuwa na rufe ido, na riƙe ƙarfen kujera, duk addu'ar da na sani na karanto ta, har da ta shiga kasuwa. Muka yi ta gudu muna tsalle-tsalle. Can sai na ji ƙarar inji ta ragu, jijjigar ta lafa, iska mai daɗi tana kaɗa mini riga. Na ce shi ke nan, mun hau. Ba tare da na buɗe ido ba na ɗaga hannu ina yi wa mutanen ƙasa bai-bai, na ce, "Kwamanda, ashe haka sama take da natsuwa. Mun kai kan Kogin Kaduna?"

Ya ce, "Malam, buɗe idonka. Muna cikin rogo."

Na buɗe. Ganyen rogo ne yake shafar takalmina.

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya juyo da jirgin a hankali muka dawo gaban jama'a, ya sa aka turo sikelin da yake auna buhunan masara, ya ce in hau. Na cire hula, na cire takalmi, na miƙa wa matata agogo. Allura ta wuce saba'in da biyar ko waiwaye ba ta yi ba, sai da ta kai ɗari da huɗu ta huta. Ɗaliban da kullum nake fama da su kan karanta ma'auni, ranar baki ɗaya suka karanto shi daidai.

Alhaji Sale ya ce, "Ai da ni aka tambaya. Sau uku ina buɗa masa wando bana."

Matata ta ja gyale ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

Kwamanda ya matso kusa da ni ya rage murya. "Malam, da na yi taurin kai na ƙi rage wuta a duron nan, da yanzu a kan mangwaro ake neman mu. Ni ma da laifina, da tun farko na auna ka." Sai lokacin na gane ba kaina kaɗai na yi wa ƙaryar ba.

Madam Rifkatu, malamar lissafi, siririya kamar tsinken tsire, ita aka ɗauka. Tun kafin su kai duron jirgin ya ɗaga. Ranar Litinin ita ta shigo ajina ta bayyana yadda kogi ya raba gari biyu, da rufin masaƙun Kakuri, ni kuma ina zaune a bencin baya ina rubutawa. Har na bar makarantar sunana Malam Saba'in da Biyar.

Abin da na koya shi ne, mutane suna da kara. Ka rage wa kanka kilo talatin a gaban abokai ko surukai, za su yi murmushi su ce haka ne. Jirgi bai san kara ba. Yanzu ko a asibiti aka tambaye ni nauyina, cewa nake, "Kawo sikelin, 'yar'uwa, kada mu ɓata wa juna lokaci."