Mai Ƙaho ko Ɗan Mitsitsi

"Ina kwana, amaryata? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, kafin in gan ka. Shigo mana, ka toge a bakin ƙofa kamar 'yan yanke wuta."

Hajiya Rekiya ce take amsa wa jikanta Rilwanu. Tana zaune kan darduma da carbi a hannu, a ɗakinta da ke ƙuryar gidan ɗanta Ilyasu a unguwar Lugbe. Yau kwana shida da autarta Kubra ta haihu a Masar, bayan shekara goma sha ɗaya ana ta roƙon Allah. Gobe suna, matan layi duk za su taru a ɗakin nan. An yi ta nuna mata jaririyar a waya, amma idon Hajiya ya yi rauni, abin da take gani bai wuce curin fura a cikin zani ba. Da yake akwai wata tsohuwar kwamfuta mai faffaɗan gilashi a ɗakin, wadda take jin karatun Alƙur'ani da ita, sai aka ce a nan ne za ta ga fuska sosai. To amma kwamfutar ba ta kama wayifai, wato intanet ɗin gidan, sai an maƙala mata wani ɗan abu, wai shi adafta. Shi Rilwanu ya fita nema tun da hantsi.

Ya durƙusa, ya ajiye kwalaye biyu a gefen darduma.

"Ga su nan. Friday mai shagon waya ya ba ni a zaɓa. Amma da sharaɗi: wanda aka ɓare ledarsa, an saya ke nan. Ɗayan kuma a mayar masa kafin la'asar."

Hajiya ta ɗauki ƙaramin, ta kai shi kusa da ido, ta kai kunne ta girgiza.

"An cuce ka. Babu komai a ciki."

"Yana ciki mana. Ga shi nan, ɗan baƙin nan."

"Wannan? Na ɗauka ƙuda ne ya mutu a leda. Kai Rilwanu, a aike ka sayen abin da zai ɗauko mini Masar, ka dawo da farcen jariri?"

"Tsohuwa, kar ki raina allura, ƙarfe ce."

"Allura ai ɗinki take yi. Wannan ran da ya faɗi ƙasa kaza ta haɗiye, sai mu riƙa bin kaza a tsakar gida muna kiran Kubra."

Ta ajiye shi can gefe, ta jawo babban. Ta auna shi a tafin hannu, ta shafa dogayen sanduna biyu da ke tsaye a cikin ledar. Fuskarta ta saki.

"Yawwa! Ga abu. Ji nauyi. Dubi ƙaho biyu, miƙaƙƙu, babu karaya. Da rago ne da ya yi layya."

"Ai ba layya za mu yi ba."

"Rufe mini baki. Shekara arba'in ina kiwon raguna a garinmu Uke, ban taɓa zaɓar ramamme ba. A wajen miji ne kawai na yi asara, da aka ce wai kai ne."

"Ni ma haƙuri nake yi. Sa'o'ina suna fita da matansu shan iska, ni tawa sai an nemo mata man zafi kafin ta miƙe."

"Wace mace ce za ta bi ka shan iska? Ƙafa kamar muciya. Faɗa mini, nawa ne mai ƙahon?"

"Ƙaramin dubu bakwai. Mai ƙahonki dubu ashirin da shida."

Hajiya ta saki kwalin kamar ya ƙone ta.

"La'ilaha illallahu. A cikinsa ake shiga a tafi Masar ɗin, ko kallo kawai?"

Ta taɓa haɓar zaninta. Abin da ke ƙulle a wurin na goro ne da dabino da cincin na matan gobe, kuma ta san in mai ƙaho ya shiga, babu abin da zai saura. Sai ta karkato kai ta dubi jikanta.

"To kai fa? Ba ka ce kai ma'aikacin gwamnati ne ba? Miji ba ya yi wa iyalinsa hidima?"

"Wata ya yi nisa, amarya."

"Kai watanka tun ran biyu ga wata yake yin nisa. Allah ya sawwaƙe wa 'yar da za ta aure ka."

"Ki ji ni. Ƙaramin nan ya isa. Daga nan zuwa falon Baba, inda na'urar wayifai take, taku nawa ne? Ko ke da sandarki minti biyu ne."

"Araha ba ta ado."

"Ai ba ado za ki yi da shi ba. Bari ki gani, gani ya kori ji."

Ya zaro wayarsa, ya koma bakin ƙofa ya ɗaga ta sama.

"Nan sanda huɗu, sabis cike." Ya yi taku biyu. "Nan uku. Bakin gadonki ma uku." Ya nufi lungun da kwamfuta take. "Biyu... ɗaya..." Ya zura hannu baya, inda za a maƙala adaftar, ya leƙa. "Af. Babu ko ɗigo."

"Ka gani ko? Abin da babba ya hango..."

Rilwanu bai bari ta ƙarasa ba. Ya ja da baya yana ƙare wa lungun kallo. Kwamfutar tana tsugune a ƙasa kamar baƙuwa mai kunya. Ta hagu akwatin ƙarfe ne, ta dama da sama kuwa jeren Hajiya ne: langa kan langa, samira kan samira, tasoshi da fantimoti, tun daga ƙasa har kusa da silin. Kayan ɗakinta ne tun na aure. Duk Juma'a sai ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da kowanne gurbinsa, kuma ko surukarta ba ta isa ta taɓa ba.

"Amarya, na kama ɓarawon."

"Wa?"

"Kwanukanki."

"Kwanukana suka yi maka me?"

"Ƙarfe ne. Sabis ba ya ratsa ƙarfe. Ya taso tun daga falo da niyyar alheri, ya zo ya tarar kin gina wa kwamfuta ganuwar Kano."

"Sharri! Kwanon da ya girmi wanda ya haife ka, yau shi ne zai tare hanyar Masar? Muryar Malam fa, ta ina take fitowa kullum?"

"Wannan a cikinta take. Wancan daga waje zai zo."

"To ya yi sallama ya zagayo ta ƙofa kamar ɗan mutunci."

"Mu jawo kwamfutar bakin ƙofa."

"Soket ɗin ɗakin nan ɗaya ne, kuma a lungun yake."

"To mu kai ta falon Baba, ku yi kallonku a can."

Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ni? In kwashi matan layi in je in baje a falon yaron nan? Kai ba ka da ta ido, ni ina da ita."

Ilyasu ɗan fari ne. Shekara hamsin da huɗu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ballantana ta zauna masa a kujera. Rilwanu ya sani sarai, tsokana ce kawai.

"Shi ke nan, zaɓi ya rage naki," ya ce yana zama a bakin gado. "Mai ƙaho yana da waya doguwa, a ɗora shi can saman jere, zai kama."

"To ɓare shi."

"In na ɓare, goron mata ya tafi. Gobe a ce Hajiya Rekiya ta yi jika bayan shekara goma sha ɗaya, ta shayar da jama'a ruwan randa. Har can unguwar Orozo sai an ji."

"To ɓare ƙaramin."

"In na ɓare ba a sauke jere ba, kin sayi kallon bango."

"Kai, wannan yaro! Da na sani ran sunanka da na ce a mayar da kai, a ba mu rago."

"Ai kin makara, an riga an ɓare ledata."

Dariya ta taso mata, ta danne ta da tari. Sai ta koma jan carbi. Wani jirgin sama ya wuce ta kan rufi. Jiya da yamma Kubra ta ce mata a waya, "Inna, kowa ya gan ta sai ya ce ke ce." Ita kuwa ta amsa da "Masha Allah", ba ta ga komai ba. Ta ɗaga kai ta dubi jeren, tun daga ƙasa har sama. Ta daɗe tana kallo.

Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Matsa. Kar ka taɓa mini da wannan hannun naka na fasa kofi. Ni zan sauke, kai ka karɓa da hannu biyu, ka jera a kan gado. Ka yi bisimilla."

Ta fara daga inda hannunta ya kai.

"Wannan gwaggona ta saya mini. Wannan kakanka ya kawo, Allah ya jiƙansa, shekarar da gero ya yi kyau. Riƙe da kyau!"

"Na riƙe. Wannan me ya sa yake da nauyi?" Ya ɗaga murfi. "Daddawa."

"Wa ya ce ka buɗe?"

Ya karɓi na gaba, ya sake ɗagawa. "Kuka. Wannan kuma alewar madara. Amarya, ashe kanti gare ki ba mu sani ba?"

"Duba sandunanka, ka bar mini kaya."

Ya zura waya. "Ɗaya ta dawo."

Ta sauke wasu huɗu, tana haki. Da ya buɗe wata jar samira sai ya yi tsalle.

"Kilishi! Kilishin da kika rantse mini ɓera ya cinye!"

"Ban rantse ba. Cewa na yi ɓera yana nema. Kuma ga shi ya samu."

"Sanda biyu."

"Saura nawa?"

"Ɗaya tak."

Saura babbar langa mai furanni, wadda ta tokare bayan kwamfutar. Ba ta bari ya karɓa ba. Ita ta rungume ta, ta kai kan gado da kanta, ta shafa murfin.

"Uku!" in ji Rilwanu. "In ɓare?"

"Ɓare. In bai yi ba, kai zan soya wa mata gobe."

Ya ɓare ledar, ya maƙala ɗan abin a bayan kwamfuta. Ya danna nan, ya danna can. Hajiya ta jawo kujera 'yar tsuguno har gaban gilashi, laɓɓanta suna motsi. Ƙara ta yi sau uku, sai ga fuskar Kubra ta cika gilashin.

"Inna! Kina ganina?"

"Ina ganinki. Kin rame. Kauce, ba wajenki na zo ba."

Kubra ta yi dariya, ta ɗago jaririyar, ta matso da ita. Fuska ta fito ƙatuwa kamar faranti: ido a lumshe, ɗan baki yana tsotson iska. Hajiya ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin a daidai kumatu. Hawaye ya bi ta gefen hancinta ya sauka kan mayafi. Rilwanu ya juya yana gyara murafen da ba su karkace ba.

"Alhamdulillahi," ta ce a hankali. "Alhamdulillahi. Goshina ne. Juya mini ita gefe."

Kubra ta juya ta. Hajiya ta ƙara matsawa, sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Kubra, kunnen Rilwanu ne! Fankam-fankam! A dage da addu'a tun yanzu!"

"Kin gani?" in ji Rilwanu. "Abu mai kyau ba ya ɓuya."

Dariyar da take dannewa tun safe ta ƙwace mata, har carbi ya faɗi. Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba, ta miƙa hannu baya ta laluba kan gado, ta turo masa jar samirar.

"Ɗauki, ka kayar da ni yau. Da kilishin da kwanon duka naka ne. Yanzu fita ka mayar wa Friday ragonsa, ka ba ni wuri in gana da baƙuwata."